Fashewar aman wutar dutse na basalt

Basalt baƙin dutse ne mai nauyi da ke samuwa idan narkakken dutse ya fito daga cikin ƙasa ya daskare. Silikar da ke cikinsa, wato ma'adinin da aka fi samu a yashi, ba ta da yawa, kashi 45 zuwa 52 cikin ɗari, kuma zafinsa kan kai digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas lokacin fitowarsa. Saboda haka tsinkakke ne, yakan malala kamar kunu, kamar yadda ake gani a duwatsun Kilauea da Mauna Loa na tsibirin Hawai. Wannan ne ya sa aka daɗe ana yi masa kallon mai sauƙin haɗari. Amma tarihi ya nuna cewa wani lokaci yakan fashe da ƙarfin gaske, ya cilla toka da tsakuwa sama har nisan kilomita goma ko ashirin, sau da yawa ba tare da dogon gargaɗi ba.

Yadda fashewar ke faruwa

A can ƙarƙashin ƙasa narkakken dutsen na ɗauke da tururin ruwa da iskar kabon da ta farar wuta, duk a narke cikinsa saboda matsi. Yayin da yake hawowa matsin na raguwa, sai iskar ta zama kumfa. Idan hawan a hankali ne, kumfar kan tsere ta bar shi ya malala lafiya. Idan kuwa da sauri ya taso, kumfar ba ta samun hanyar fita, sai ta kumbura ta tarwatsa shi.

Masana sun lura da wani abu a duwatsun manyan fashe-fashe: cike suke da ƙananan ƙwayoyin ma'adinai da suka tsiro cikin ɗan lokaci ana tsakiyar hawa. Ƙwayoyin nan kan sa ruwan dutsen ya yi kauri farat ɗaya. Duk wanda ya ga talge ya fara kauri a tukunya ya san yadda yake riƙe tururi sannan ya yi fallatsi. Abin da ke faruwa ke nan a maƙogwaron dutsen. Har yanzu ana muhawara kan wanne ya fi tasiri, saurin hawan ko yawan iskar kabon daga tushe.

Wata hanyar fashewar kuma ita ce haɗuwa da ruwa. Idan narkakken dutse ya ci karo da tafki, teku, ƙanƙara ko ruwan ƙarƙashin ƙasa, ruwan kan koma tururi nan take ya farfasa shi ya zama toka mai laushi. Haka tsibirin Surtsey ya ɓullo daga teku a kudancin Ayislan cikin Nuwamban 1963.

Tarihi

A shekara ta 122 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dutsen Etna da ke Sisili ya yi wata babbar fashewa. Toka da tsakuwa sun taru a kan rufin gidajen birnin Kataniya har suka rufta, kuma an ruwaito cewa hukumar Rum ta yafe wa birnin haraji na shekara goma. Dutsen Masaya na Nikaragwa ya yi irin wannan kimanin shekara 2,000 da suka wuce.

Misalin da aka fi samun cikakken labarinsa shi ne na Tarawera a Niyu Zilan. Bayan tsakar daren 10 ga Yunin 1886 ƙasa ta fara girgiza, cikin 'yan sa'o'i kuma dutsen ya tsage, tsagar ta miƙe kusan kilomita 17. Da ta ratsa tafkin Rotomahana mai maɓuɓɓugan ruwan zafi, sai wuta ta haɗu da ruwa, laka da toka suka binne ƙauyukan Te Wairoa da Te Ariki da Moura. An ji ƙarar har birnin Okland. Akasari ana cewa mutum kusan 120 ne suka rasu, yawancinsu 'yan ƙabilar Mawori, kodayake wasu na kai adadin sama da haka. Shahararrun matakalan silika farare da masu jaja-jaja, waɗanda baƙi ke zuwa kallo daga ƙasashe masu nisa, sun ɓace a daren. Duk wannan ɓarna ta auku ne kafin rana ta yi sama.

Kilauea ma ba kullum take malala cikin lumana ba. A wajen 1790 wata fashewa ta rutsa da wani ɓangare na rundunar Keoua, wani sarki a Hawai. Ƙiyasin mamatan ya sha bamban, daga tamanin zuwa ɗaruruwa. A Mayun 1924 ramin Halemaumau da ke saman Kilauea ya yi ta watso manyan duwatsu, mutum ɗaya ya mutu.

A Kamaru, ramin da tafkin Nyos ke ciki irin wannan fashewa ce ta haƙa shi. Iskar kabon da ta taru a gindin tafkin ce ta ɓalle ranar 21 ga Agustan 1986 ta shaƙe mutum fiye da 1,700.

Haɗurra

Mafi muni shi ne gajimaren toka da iska mai ƙuna da ke gangarowa a guje, wanda ƙafa ba ta iya tsere masa. Irinsa ne ya hallaka kusan mutum 200, a ƙididdigar hukuma, a gindin dutsen Fuego na Gwatemala ranar 3 ga Yunin 2018. Akwai kuma jifan duwatsu kusa da bakin ramin, da tokar da ke rusa rufi ta ɓata ruwan sha da gonaki, da barazana ga injinan jiragen sama.

Babban abin damuwa shi ne ƙarancin lokaci. Stromboli na Italiya ya saba ƙananan fashe-fashe dare da rana, har masu yawon buɗe ido na hawa kallo, amma ranar 3 ga Yulin 2019 ya yi wata babba kwatsam wadda ta kashe wani mai hawan dutsen.

Sa ido

Ana amfani da na'urorin auna girgizar ƙasa, da kumburin dutse, da yawan iskar da ke fita, tare da hotunan tauraron ɗan Adam.