Waiwaye: Yadda Ganuwar Agadir Ta Zama Makwanci

Tun da motocin da ke tafiya a kan igiya suka fara hawa da 'yan yawon buɗe ido kan tsaunin Agadir Ufella a 2022, ake ta ja-in-ja a Agadir, birnin da ke gaɓar tekun Maroko: tsohuwar ganuwar da ke kan tsaunin wurin shaƙatawa ce ko kuwa maƙabarta? Wanda ya tsinci zancen daga tsakiya zai ɗauka gyaran ganuwar da aka soma a 2020 ne ya haifar da shi, alhali tushensa ya haura shekara 60.

Tarihin farko sananne ne. Sarakunan Maroko na gidan Sa'adi ne suka gina ganuwar wajajen 1540, a kan tsauni mai tsawon mita 236, don su matsa wa Turawan Fotugal da suka kafa sansani a gindinsa, kuma a 1541 suka fatattake su. A saman ƙofarta akwai rubutun Larabci da na harshen Holan mai ɗauke da shekarar 1746. Daga baya ciniki ya koma tashar jiragen ruwa ta Essawira, garin ya yi sanyi, amma mutane suka ci gaba da zama a cikin ganuwar, da masallacinsu da lungunansu.

Sai daren 29 ga Fabrairu, 1960, cikin watan azumi, ana dab da sha biyun dare, ƙasa ta girgiza. Cikin daƙiƙu kaɗan mutum 12,000 zuwa 15,000 suka rasu, wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen birnin. Unguwar kan tsaunin ta rufta kusan baki ɗaya.

Abin da ya biyo baya ne ba a cika waiwaya ba, ni kuwa a nan nake ganin bakin zaren. An yi zafi a kwanakin, gawawwaki suka fara lalacewa, tsoron annoba ya kama kowa. Aka killace birnin, aka barbaɗa farar ƙasa da maganin ƙwari a kan ɓaraguzai. Da yawa daga cikin waɗanda gini ya danne a nan aka bar su, babu wanka, babu likkafani, babu alamar da ɗa zai tsaya a kanta ya yi wa uwarsa addu'a. Ban ga laifin masu gudun annoba ba. Amma da aka sake gina Agadir can kudu, nesa da inda ƙasa ta tsage, sai tsaunin ya rasa mazauna, kuma bai samu kamannin maƙabarta ba. Shekara da shekaru baƙi na hawa raƙumi a bakin ganuwar, suna ɗaukar hoton faɗuwar rana, mafi yawansu ba su san abin da ke ƙarƙashin ƙasar ba, iyalan mamatan kuwa sun sani.

Shi ya sa kowane gyara yake sosa musu tsohon miki. Da aka sake buɗe wurin a 2024, an shimfiɗa hanyoyin katako a cikin ganuwar, an ɗaga su daga ƙasa, don kada ƙafar baƙo ta taka inda mutanen suke kwance.