Fallingwater: gidan da aka ɗora a kan magangarar ruwa

Fallingwater gida ne na iyali da ke yankin tsaunukan Allegheny, a kudu maso yammacin jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka, kimanin kilomita 110 daga birnin Pittsburgh. Fitaccen mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ne ya zana shi a 1935, saboda attajiri Edgar J. Kaufmann, mai wani katafaren kanti a Pittsburgh, da matarsa Liliane da ɗansu tilo. An gina babban gidan tsakanin 1936 da 1937, aka ƙara masaukin baƙi can sama da shi a 1939.

Iyalin sun saba zuwa hutu bakin rafin Bear Run, inda ruwa ke zubowa daga kan fā. A tunaninsu za a kafa gidan daga ƙasa, su riƙa hangen ruwan ta taga. Sai Wright ya ɗora shi a saman magangarar kanta. Saboda haka wanda ke zaune a falo ba ya ganin zubowar ruwan, ƙararsa kawai yake ji dare da rana.

Abin da ya sa ake yawan kafa misali da wannan gida shi ne yadda ya zauna a gangare. Galibi mai gini a tsauni yakan fasa dutse, ya cike kwari, sai fili ya daidaita sannan ya ja igiya. A nan ginin ne ya bi ƙasar. Duwatsun bango nan kusa aka haƙo su, magina suka jera su falle-falle, wani ya shige wani ya turo, kamar yadda suke a jikin tsaunin. Barandojin kankare da rodi suka miƙe a kan rafin hawa-hawa, babu ginshiƙi a bakinsu, nauyinsu na ɗaure da ginin dutsen da ke baya. Wani ƙaton dutse da iyalin kan zauna a kai tun kafin a yi gidan, ba a taɓa shi ba. Yana nan ya ɓullo ta daɓen falo a gaban murhu. Daga falon kuma akwai matakala da ke sauka har saman ruwa. Fenti ma kala biyu kacal aka shafa: ruwan ƙasa mai haske a kankare, ja a ƙarafan tagogi.

Sai dai kyan bai zo a arha ba. Kuɗin aikin ya kai kusan dala 155,000, ninkin ba ninkin abin da aka yi niyya. Tun ana cikin gini injiniyoyin da Kaufmann ya ɗauko suka ce rodin da Wright ya tanada ya yi kaɗan. Aka ƙara rodin, ran Wright ya ɓaci ƙwarai. Gaskiya tana wajen injiniyoyin, domin ko da ƙarin, ana cire katakon da ya tallafe kankaren baranda ta fara sunkuyawa. Ta ci gaba da yin ƙasa a hankali har ta kai kusan santimita 18 a wani gefen. A 2002 aka ɗaga duwatsun daɓen falo, aka zura igiyoyin ƙarfe a jikin bim, wato ginshiƙan kankare na kwance da ke ɗauke da daɓen, aka ɗaure su tamau don tsayar da sunkuyawar. Yoyo da danshi kuwa tun farko suke damun gidan, abin da ba zai ba kowa mamaki ba ga rufin shimfiɗe a wurin da dusar ƙanƙara ke sauka, ga rafi a ƙarƙashi.

A 1963 ɗan Kaufmann ya miƙa gidan da dajin da ke kewaye da shi ga ƙungiyar kare muhalli ta Western Pennsylvania Conservancy, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1964. Hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2019, tare da wasu gine-gine bakwai na Wright.