Romon Mai Jego a Ƙasar Sin: Amfanin Yana Cikin Tsoka

A ƙasar Sin, inda mai jego kan yi zaman gida na kwana 30 zuwa 40, an daɗe ana ɗauka cewa farin romon kifi ko na kaza ya riga ya tsotse dukan amfanin naman, har wasu iyalai kan ba ta romon kaɗai su ajiye tsokar. Wannan kuskure ne, domin farin da ake gani kitse ne da tafasa ta gauraya da ruwa, yawancin sinadarin gina jiki da na ƙarin jini kuwa suna nan cikin tsokar. Romon yana ba ta ruwan da mai shayarwa ke buƙata, amma yawan tsotson jariri shi ne yake ƙara nono.