Kamara a hannun wanda ya ga tashin hankali

Mece ce alaƙar shirya fim da lafiyar ƙwaƙwalwa?

Wanda ya tsira daga harin 'yan bindiga, ko ya ga an kashe ɗan'uwansa a gabansa, abin ba ya zama masa labari mai kai da gindi. Gutsi-gutsi yake dawo masa: ƙarar babura cikin dare, warin hayaƙi, mafarkin da ke tashinsa gumi sharkaf. Shi kuwa shirya fim aikin jerawa ne, wannan ya fara, wancan ya biyo, nan aka tsaya. Idan mutum ya zauna gaban kwamfuta yana tace hotuna, shi ke cewa a yanke nan, a bar can. Ranar da masifar ta auku ba shi da iko kan komai, a wurin tacewa kuwa ragama tana hannunsa. A ganina babban amfanin ke nan.

Dole ne ya ba da labarin kansa?

A'a, sau da yawa ma gara kada ya fara da shi. Yarinyar da bakinta ba ya iya furta abin da ya same ta tana iya ƙirƙiro wata 'yar talla, ta ɗora mata nauyin, ta koma bayan kamara tana kallonta. Wannan 'yar tazarar ce ke ba ta damar numfasawa. Ga kuma aikin gayya: wannan ya riƙe kamara, wancan ya kula da sauti, ana gardama ana dariya. Mai firgici yakan ƙaurace wa jama'a, fim kuwa ba ya yiwuwa da mutum ɗaya.

An taɓa gwada wannan?

An gwada. Ƙungiyar FilmAid ta fara a 1999 da nuna fina-finai ga 'yan gudun hijirar yaƙin Kosovo, daga baya ta riƙa koya wa matasa ɗaukar fim a sansanonin Kakuma da Dadaab na Kenya. Ba fim kaɗai aka gwada ba, har da rubutu: tun 1986 masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker a Amurka ya sa ɗalibai rubuta abin da ke damunsu na minti 15 a rana, kwana huɗu a jere, aka ga sun rage zuwa asibiti. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto da ya duba bincike sama da 3,000 kan fasaha da lafiya.

Zai iya maye gurbin likita?

Ko kusa. Wanda barci ya ƙaurace masa makonni, ko yake jin muryoyi, ko tunanin kashe kansa ya fara zuwa masa, asibiti yake buƙata yau. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Maiduguri, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano.

Akwai haɗari?

Akwai, kuma abin yana damuna. Wasu kan shiga sansanin 'yan gudun hijira da waya, su tsare mace da "Baba, gaya mana yadda aka yi," har sai ta fashe da kuka, kafin magariba bidiyon ya bazu a TikTok. Wannan fama mata tsohon miki ne kawai. Wadda aka taɓa sacewa, a cikin garinsu za ta ci gaba da zama, tsangwamar kuma ita za ta sha. Dole a nemi yardarta tun farko, a ɓoye fuskarta in ta so, a ajiye mai ba da shawara kusa, kuma duk lokacin da ta ce a kashe kamara, a kashe.