Hawan Tsaunukan Sikotilan a Hunturu da Yadda Ake Kasa Su Bisa Tsayi

Hawan tsauni da ƙafa a lokacin hunturu tsohuwar al'ada ce a Birtaniya, kuma cibiyarta arewacin Sikotilan, inda dusar ƙanƙara kan lulluɓe ƙololuwa daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Galibin masu wannan sha'awa jeri suke bi. An kasa tsaunukan ƙasar gida-gida bisa tsayinsu, kowane gida da sunansa, mutum kuma yakan shafe shekara ashirin ko fiye yana hawan su ɗaya bayan ɗaya har ya cike jerin. Gidan da ya fi kowanne suna shi ne Munro.

Munro da asalinsa

Munro shi ne tsaunin Sikotilan da tsayinsa ya kai ƙafa 3,000, wato mita 914.4, kuma yake cikin jerin da Ƙungiyar Mahaya Tsauni ta Sikotilan take riƙe da shi. Sunan ya samo asali daga Sir Hugh Munro, wanda aka haifa a 1856. Kafin aikinsa, ana zaton tsaunukan da suka kai wannan tsayi ba su wuce talatin da ɗoriya ba. Munro ya zauna da taswirorin hukumar awon ƙasa, ya kuma riƙa fita da ƙaramar na'urar awon tsayi a aljihunsa, har a 1891 ya wallafa jerinsa a mujallar ƙungiyar: tsaunuka 283 masu zaman kansu, cikin ƙololuwa 538 da suka haura ƙafa 3,000. Yau adadin 282 ne. Mafi tsayi shi ne Ben Nevis mai mita 1,345, sai Ben Macdui mai 1,309. Na can kudu shi ne Ben Lomond, wanda ke kusa da birnin Glasgow, na can arewa kuma Ben Hope.

Munro bai kammala hawan jerin da ya tsara ba. Ya rasu a 1919 a garin Tarascon na Faransa, inda yake kula da wani ɗakin ciyar da sojoji bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, saura 'yan ƙololuwa kaɗan. Wanda aka fara rubutawa a matsayin mai kammalawa shi ne limamin coci A. E. Robertson, a 1901, ko da yake har yau ana tababa ko ya taka ƙololuwar Ben Wyvis. Waɗanda suka yi rajistar kammalawa daga lokacin zuwa yanzu sun haura dubu bakwai.

Akwai wani giɓi a aikin Munro da ya bar wa na baya gardama. Bai rubuta ƙa'idar da ya bi wajen bambance tsauni mai zaman kansa da ƙololuwar da take reshe ce kawai a jikin wani tsauni ba. Idonsa da hankalinsa ya yi amfani da su: ya duba nisan da ke tsakanin ƙololuwa biyu, da zurfin kwarin da ya raba su, da irin wahalar tafiyar. Shi ya sa duk gyaran da ƙungiyar ta yi wa jerin, sai an yi ta cacar baki. Awon zamani ma ya taɓa shi. A 2009 an sake auna Sgùrr nan Ceannaichean da na'urorin tauraron ɗan'adam, aka ga bai kai ba, aka sauke shi. A 2012 haka ta faru da Beinn a' Chlaidheimh, wanda abin da ya rage masa ya cika ƙafa 3,000 bai kai rabin mita ba. Dutsen yana nan yadda yake, da nisansa daga kowace hanyar mota, da kogunan da sai an ratsa kafin a isa gindinsa, amma masu zuwa gare shi sun ragu don kawai ya fita daga takarda. Wannan abin takaici ne, domin yana cikin mafi kyawun dajin ƙasar.

Sauran gidaje

Ƙasa da Munro sai Corbett, tsaunuka masu tsayin ƙafa 2,500 zuwa 3,000. John Rooke Corbett, mutumin Bristol, shi ya tsara su, aka fitar da jerin bayan rasuwarsa. Shi kam ya kafa ƙa'ida a fili: dole ƙasa ta gangara aƙalla ƙafa 500 ta kowane ɓangare kafin a sake hawa zuwa wani tsauni da ya fi shi. Su 222 ne. Saboda wannan sharaɗi, Corbett yakan tsaya shi kaɗai, ba a cika haɗa uku ko huɗu a wuni ɗaya ba kamar yadda ake yi da Munro, don haka gogaggu da yawa suna ganin kammala su ya fi wuya.

Daga nan sai Graham, masu ƙasa da ƙafa 2,500, sunan da aka ɗauko daga Fiona Torbet, wadda sunan gidansu Graham. Sai Donald, tsaunukan kudancin Sikotilan da suka haura ƙafa 2,000, waɗanda Percy Donald ya jera a 1935. A 1992 Alan Dawson ya zo da wani tunani dabam: ya ajiye tsayi daga bakin teku gefe, ya ce abin dubawa shi ne yadda tudu ya ɗara ƙasar da ke kewaye da shi. Duk wanda ya ɗara ta da mita 150 ya shiga jerinsa, aka kira su Marilyn. A Ingila kuwa, yankin tafkuna na da nasa 214 da ake kira Wainwright, bisa littattafai bakwai da Alfred Wainwright ya rubuta da hannunsa tsakanin 1955 da 1966; waɗannan zaɓin marubucin ne, babu iyakar tsayi a ciki.

Abin da hunturu ke sauyawa

Wanda ya dubi lambobin nan zai raina su. Garin Jos yana zaune ne a tsayin kusan mita 1,200, sama da mafi yawan Munro, kuma Chappal Waddi a Taraba ya ɗara Ben Nevis da fiye da mita dubu. Amma tsaunukan Sikotilan suna can arewa sosai, suna fuskantar Tekun Atlantika kai tsaye, kuma sau da yawa tafiya takan fara ne daga kusa da bakin teku, don haka duk tsayin sai an taka shi da ƙafa. A tsakiyar hunturu hasken rana bai fi awa bakwai ba. Sanyi na ƙaruwa da kusan digiri ɗaya a duk mita 150 da aka hau, ga iska mai kayar da babban mutum. A ranar 20 ga Maris 1986 an auna guguwa mai gudun mil 173 a awa a kan tsaunin Cairn Gorm, kimanin kilomita 278. Shi ya sa mutanen wannan fage kan ce a Sikotilan babu yawon tsauni a hunturu, hawan tsauni ne na gaske, ko da tudun ya yi kama da wasa a bazara.

Kayan aiki biyu ne ba a fita sai da su. Na farko gatarin ƙanƙara, sanda ce gajera mai kan ƙarfe, baki ɗaya tsini ɗaya kuma faffaɗa. Ana riƙe shi a hannun da ke wajen tudu, a dogara shi kamar sanda. In ƙafa ta zame, mutum sai ya juya ruf da ciki, ya danna tsinin cikin ƙanƙara da nauyin ƙirjinsa, ya ɗaga ƙafafunsa sama don kada su harɗe su wuntsila shi. Daƙiƙa biyu ko uku ke gare shi kafin gudun ya fi ƙarfinsa, don haka ake maimaita wannan atisaye a gangara marar haɗari har jiki ya haddace. Na biyu haƙoran ƙarfe ne da ake ɗaurawa a tafin takalmi mai tauri, galibi goma ko goma sha biyu, masu cizon ƙanƙarar da ta daskare. Tafiya da su sai an ware ƙafafu, in ba haka ba su kama wando. Bayan waɗannan akwai fitilar goshi, da tabarau mai rufe ido ruf, da safar hannu fiye da ɗaya, da taswira da kamfas. Batirin waya yakan mutu da wuri cikin sanyi, kuma yatsun da suka sandare ba sa iya latsa ta.

Babban haɗari shi ne ɓata. Idan hazo ya sauko a kan farar ƙasa, sama da ƙasa sukan zama abu ɗaya, mutum bai san ko hawa yake ko gangara ba. A gefen rami kuma iska takan gina wani leɓe na dusar ƙanƙara da ke leƙowa a kan sarari, ya yi kama da ƙasa mai ƙarfi alhali babu komai a ƙarƙashinsa. Saman Ben Nevis ya yi ƙaurin suna a kan haka: filin ƙololuwar yana da ramuka ta arewa da ta kudu maso yamma, har sai da aka tsayar da hanyar sauka da lissafi. Daga ginshiƙin ƙololuwa ana bin digiri 231 a kamfas na tsawon mita 150 don kauce wa ramin Gardyloo, sannan a juya zuwa digiri 282 don kada a faɗa ramin Five Finger. Mitocin nan ƙidayar taku ake yi musu, kowa ya san taku nawa ke ba shi mita ɗari. Wajen ƙiyasta lokaci kuwa ana amfani da ƙa'idar da William Naismith ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita biyar, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Cikin dusar da ke kai wa gwiwa, wannan lissafi yakan ninka.

Sai zaftarewar dusar ƙanƙara, wadda sau da yawa mai tafiyar ne da kansa yake tayar da ita idan ya taka dusar da iska ta tara a bayan tudu. Hukumar da ke sa ido kan wannan tana fitar da hasashe kullum daga tsakiyar Disamba zuwa Afrilu a yankuna shida, ciki har da Lochaber da Glencoe da Torridon, bisa matakai biyar na haɗari. Masu ceto a tsaunukan 'yan sa-kai ne, ana kiran su ta hannun 'yan sanda, kuma ba sa karɓar ko kwabo. Hatsarin da ya fi girgiza ƙasar ya faru ne a Nuwamban 1971, lokacin da guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da ayarin 'yan makaranta daga Edinburgh a kan filin Cairngorm. Yara biyar da mataimakiyar jagora ɗaya suka rasu. Bayansa aka tsaurara horon masu jagorantar yara, aka kuma rushe wasu ƙananan mafaka da ke can sama, domin suna sa mutane su dogara da wurin da dusar ƙanƙara kan binne.

Kammala jerin cikin hunturu guda

Hamish Brown ya zagaye dukkan Munro a tafiya ɗaya ba yankewa a 1974, cikin kwana 112, amma a bazara da rani. Wanda ya fara yin haka cikin hunturu guda shi ne Martin Moran, tsakanin ƙarshen 1984 da farkon 1985, cikin kwana 83, matarsa Joy tana biye da shi da motar da suke kwana a ciki. A 2024 Anna Wells ta zama mace ta farko da ta yi wannan, ita ma cikin kwana 83. Duk mai wannan niyya sai ya bi ta tsibirin Skye, inda ƙololuwar Sgùrr Dearg mai mita 986 take a kan wani siririn dutse mai kama da wuƙa a tsaye. Shi ne Munro ɗaya tilo da ko a rani sai an yi hawan dutse na sosai, a sauko da igiya, kuma yana cikin waɗanda Hugh Munro ya rasu bai taka ba.