Kaɗaici da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Lokacin Annoba

Kaɗaici shi ne ƙuncin da mutum ke ji idan hulɗarsa da jama'a ta gaza abin da ransa ke bukata. Masana halayyar ɗan Adam suna bambanta shi da keɓewa, wato ƙarancin mutanen da ake cuɗanya da su a zahiri. Wani yana zaune shi kaɗai hankalinsa kwance, wani kuma yana tsakiyar iyali amma ba shi da wanda zai buɗe wa cikinsa. John Cacioppo na Jami'ar Chicago ya kwatanta kaɗaici da yunwa: alama ce da jiki ke bayarwa cewa akwai abin da ya rasa. Illarsa tana zuwa ne idan ya daɗe. A 2010, Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta sun haɗa sakamakon bincike 148, suka gano cewa masu ƙaƙƙarfar alaƙa da mutane sun fi tsawon rai.

Abin da korona ta jawo

A ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Dokar kulle ta biyo baya, aka rufe wuraren aiki da na ibada, ɗalibai sama da biliyan 1.5 suka zauna a gida bisa ƙididdigar UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a Oktoba 2021 ya ƙiyasta cewa a 2020 an samu ƙarin mutum miliyan 53 masu ciwon tsananin damuwa da miliyan 76 masu ciwon fargaba. Ga shi kuma masu neman magani sun tarar da ƙofa a rufe: kashi 93 cikin ɗari na ƙasashe 130 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tuntuɓa a 2020 sun ce ayyukansu na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa sun samu cikas.

Abin bai faɗa wa kowa daidai ba. An fi jin tsoro a kan tsofaffi, amma bincike da dama ya nuna matasa da mata ne suka fi jigata. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Matashi yana shekarun ƙulla abota ne da neman madafa, sai aka datse masa makaranta da aiki lokaci guda. Mata kuwa nauyin kula da yara da marasa lafiya ya ƙaru a kansu.

Sai dai ba duk hasashen da aka yi ne ya tabbata ba. Binciken da ya duba ƙasashe 21 a watannin farko bai ga ƙaruwar kisan kai ba. Japan ta sha bamban: a 2020 adadin ya hau a karon farko cikin shekara 11, musamman a tsakanin mata.

Ma'anar rayuwa

Nan ne batun ya fi zurfi. Kulle bai raba mutane da juna kawai ba, ya raba su da abubuwan da ke ba kwanakinsu manufa: sana'a, ibada cikin jama'a, ziyarar iyaye, tsayawa kan gawar ɗan'uwa. Mutane da yawa sun rasa nasu a asibiti ba tare da sallama ba, aka binne su ba taro. Irin wannan rashi yana iya zama baƙin cikin da ya ƙi wucewa, wanda kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya lissafa a matsayin larura mai zaman kanta.

Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya ce ana samun ma'ana ta hanya uku: aikin da mutum ya yi, ƙaunar da ya ɗanɗana, da yadda ya fuskanci wahalar da ba makawa. A 2020 Tatjana Schnell da Henning Krampe sun yi nazari a Jamus da Ostiriya, suka ga cewa matsin annobar bai taɓa waɗanda ke ganin rayuwarsu na da ma'ana sosai ba. Amma a yi hattara da wannan sakamako. Ciwon damuwa shi kansa yana sa komai ya zama holoƙo a idon mai shi, don haka da wuya a rabe sanadi da sakamako, kuma ba daidai ba ne a ce wa mara lafiya ya nemi ma'ana a maimakon magani.

Waya da kiran bidiyo sun rage kewa, amma ba su isa ga wanda ba shi da intanet ko bai iya amfani da ita ba.

Matakan gwamnatoci

Birtaniya ta naɗa minista mai kula da kaɗaici tun a Janairu 2018, kafin annobar. Japan ta bi sahu a Fabrairu 2021. A Mayu 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a kan kaɗaici, a Nuwamban shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti kan zumuncin jama'a. Rahoton kwamitin na Yuni 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma abin ya fi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.