Waiwaye: Yadda gonar Jack London ta zama wurin tarihi

Masu zuwa Glen Ellen da ke gundumar Sonoma a jihar Kalifoniya ta Amurka sukan je neman gidan marubuci, sai su tarar da gandun manomi. Marubucin, wato Jack London, ya fara sayen fili a nan a 1905, ya yi ta ƙarawa har ya kai kusan eka 1,400. Ƙasar ta gaji da noma tun kafin zuwansa, don haka kuɗin littattafansa a cikinta suka riƙa narkewa.

Ya yanka gangaren tudu hawa-hawa don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa, dabarar da ya gani a Gabashin Asiya lokacin da ya je ɗauko labarin yaƙin Rasha da Japan a 1904. Ya dogara da takin dabbobi, ya gina dogayen rumbuna biyu na bulon siminti. Dubban bishiyoyin turare da ya dasa don katako kuwa asara ce tsagwaronta, domin itacen yana tsagewa yana murɗewa idan ya bushe.

Babbar asarar ita ce Wolf House, gida mai ɗakuna 26 da aka gina da dutse da katako. Ya ƙone a daren 22 ga Agusta 1913, ana dab da tarewa. An daɗe ana zargin hannun maƙiya, amma binciken masana a 1995 ya karkata ga tsummokaran da ma'aikata suka goge katako da su, jiƙe da man linsid, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wata shuka. Wannan mai yana fitar da zafi yayin bushewa. Idan aka tara tsumman wuri guda cikin zafin rani, zafin ba ya samun mafita, sai wuta ta tashi da kanta. Bangon dutsen na nan tsaye, ba rufi.

London ya rasu a 1916 yana ɗan shekara 40. Matarsa Charmian ta gina wani gida a gandun, wanda yanzu shi ne gidan adana kayan tarihi. Bayan rasuwarta a 1955, dangi suka miƙa wa jiha wani yanki, aka buɗe shi ga jama'a a 1960.

A 2011 ƙarancin kuɗi ya sa jihar ta saka wurin cikin wurare 70 da za ta rufe. Wata ƙungiyar sa-kai ta yankin ce ta karɓi ragamarsa a 2012, tana tafiyar da shi da kuɗin shiga da gudummawar jama'a, mallakar filin kuma tana hannun jiha.